Fedar Hagu ta Baba Ciɗo

"Ƙara mata kaɗan," in ji Baba Ciɗo.

Sadiƙu bai amsa ba, domin tocila na tsakanin haƙoransa. Yana kwance rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari, baya a lanƙwashe kan bakin ƙofar motar, ƙafafu a waje cikin rairayi. Wannan kwanciya ba ta mai tumbi ba ce, Sadiƙu kuwa ya daɗe da ajiye nasa. Ya lalubo notin da ke bayan fedar hagu, ta ambiriyaji, wadda mutanen Najeriya ke ce wa kuloci, ya sassauta shi, ya murɗa ƴar sandar ƙarfen da feda ke turawa, ya sake ɗaurewa. Sannan ya fito da nishi ya ce a gwada.

Tsohon ya shiga da dabara. Ya fara zama tukuna, sa'an nan ya sa hannu biyu ya ɗauko ƙafar hagu ya shigar da ita kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. Yana yi yana zagin motar. Ai ita ce ta tsufa, feda ta yi nisa, sai mutum ya nutsa ƙafa har ƙasa kafin giya ta yarda ta shiga. Sadiƙu ya ce haka ne Baba, tsofaffin motoci haka suke. Tun bara suke wannan hira, kowannensu ya san ƙaryar da yake yi, kuma ba wanda ya taɓa kunyata wani.

Duk Tawa an san motar. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci, ga ta manne da ƙasa, shi ya sa yara suka sa mata suna Jangwada, kamar ƙadangaren nan mai jan kai. Wani Nasara ne ya bar wa Ciɗo ita a Arlit, lokacin da yake tuƙa manyan motoci a can, shi kuma ya sauko da ita gida ya ƙi rabuwa da ita. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, rago ɗaya ma sai an yi shawara. An yi masa tayi har an gaji. Da ya yi ritaya ya zauna a gidansa da ke jikin garejin Sadiƙu, sai ya zama aikin motar ɗaya ne tak a duniya: kowace Jumma'a ta kai shi Bambeye wurin yayarsa Kulu, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya kai mata goro da sukari, ya yi sallar Jumma'a a can, ya sha furarta, ta yi masa faɗa, ya dawo kafin rana ta faɗi.

Bara da damina ya faɗi a bakin masallaci. Ya tashi, amma ƙafar hagu ba ta tashi duka ba. Ɗiyarsa Hafsatu, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti cikin gari, ta ce sai an kai shi Yamai an duba shi sosai. Ya ce ya kai abokai biyu Yamai da hannunsa, ba wanda ya dawo a zaune. Ta ce to ya ba ta makullin mota. Ya ce sai dai ta haɗa da hannun. Da yake halinsu ɗaya, aka yi sati ba a cin tuwo da daɗi a gidan, har suka yi yarjejeniya a gaban Sadiƙu: ranar da motar ta mutu masa a ƙofar gida, ko giya ta yi masa kuka, ranar zai miƙa makulli ya bi ta Yamai ba gardama. Tun daga nan, kowace Jumma'a Hafsatu kan tsaya bakin zaure, hannu a harɗe, tana sauraro. A cikin wannan mota ta koyi tuƙi tana budurwa, ta san muryarta.

Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ake yi ranar Alhamis in ta tafi aiki. Lafiyayyar mota a tsakiya take kamawa: ka taka feda ka nutsa, ka sa giya, ka ɗago, kana kaiwa rabi ta fara tafiya. In aka tsawaita ƴar sandar nan ta baya, wurin kamawa sai ya hau sama, ƙafa ba ta bukatar tafiya mai nisa. Duk lokacin da ƙafar Baba Ciɗo ta rage, sai Sadiƙu ya ɗago masa feda ta taryi ƙafar. Amma abin na da iyaka. Akwai ɗan wasan da feda ke yi a sama kafin ta fara aiki, kowace murɗa kuma cin wannan wasa take yi. Ranar da ya ƙare, farantin da ke ciki ba zai riƙe da kyau ba, zai riƙa zamewa yana ƙonewa.

A wannan Alhamis ɗin Sadiƙu ya sa ɗan yatsa ya taɓa fedar, ya ji abin da ya rage, ya goge hannu a wando.

"Baba, ta ƙare. Wasan da yar rage bai kai kaurin tsinke ba. In na ƙara, hwaranti za shi ƙonewa bisa hanya."

"Tana kai ni Bambeye gobe?"

"Motar tana kaiwa."

"To ai motar nit tambaye ka."

Da yamma Sadiƙu ya kasa aiki. Ya kwance kabiretan wani ɗan kabu-kabu ya ɗaure shi ba daidai ba, har mai babur ya tambaye shi ko lafiya. Tsoro yake ji, kuma ya san na mene ne. Hanyar Bambeye ba ta rabuwa da amalanke da jakuna da yara masu kora awaki, shi kuwa da hannunsa ya gyara wa mai ƙafa ɗaya mota. In ya faɗa wa Hafsatu, gobe tsohon na cikin motar Yamai, kuma ba zai sake kallon Sadiƙu ba har abada. In ya yi shiru, duk abin da ya faru a hanya da shi a ciki. Shekara da shekaru suna shan shayi a kan benci ɗaya. Lokacin da ya buɗe garejin nan ba kowa, Jangwada ce motar farko da aka ba shi ya taɓa, kuma mai ita ya zagaya gari yana cewa ga yaron da ya iya. Bai ga yadda zai tsallaka katanga ya kai ƙarar wannan mutum ba. Bai kuma ga yadda zai zauna gida ba. Saboda haka da safe ya sa rigar Jumma'a ya fito, ya ce yana jin wata ƙara a ƙafar motar ta baya, yana so ya bi su ya saurara.

Baba Ciɗo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wanda zai saurari ƙara bai cika fesa turare haka ba. Amma ya buɗe masa ƙofa.

Hafsatu na bakin zaure. Injin ya tashi, giya ta shiga ba ko tari, Jangwada ta zame ta hau titi sumul. Tsohon ma har ɗaga mata hannu ya yi ta taga. Sadiƙu bai iya kallonta ba, sai ya duƙa yana gyara takalmi.

Cikin gari ba a sha wahala ba. Sai da suka bar kwalta suka hau jar hanya, inda ake canza giya a kowane kwari, ƙafar ta fara rawa. Sadiƙu ya ga gwiwar na karkarwa a cikin wando, ya ga gumi ya jiƙa hular tsohon. A wani hawa Baba Ciɗo ya ɗora hannun hagu kan gwiwa ya danna ta da ƙarfi, hannun dama na kan sitiyari, ba sauran hannun da zai kama sandar giya. Sadiƙu ya miƙa hannu ya kama sandar.

"Yanzu," in ji tsohon.

Giya ta shiga. Haka suka yi sauran tafiyar, ɗaya na danna gwiwa yana cewa yanzu, ɗaya na sa giya. Suka wuce gonakin da aka girbe, suka wuce wani Buzu da raƙuma, suka rage gudu saboda mata masu itace. Can Baba Ciɗo ya yi dariya ya ce shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa ɗaukar karen mota mai furfura ba. Sadiƙu ya ce shi ma bai taɓa aiki da direban da ba ya biya ba.

Kulu ta tsufa ta rage kaɗan, amma bakinta bai rage ba. Ta ce goron ƙanana ne, ta ce Ciɗo ya rame don ba ya cin abinci sai surutu, ta tambayi wane ne wannan ƙaton da ya cika masa mota. Da aka ce makwabci ne ya zo jin ƙara, ta ce to Allah ya ba da sa'a. A masallaci Baba Ciɗo ya yi salla a zaune, ya gaya wa na kusa da shi gwiwa ya buge. Fura kuwa kurɓa biyu ya yi ya tura wa Sadiƙu ƙwaryar. Kulu na kallo. Da za su tafi sai ta ɗauki sanda ta rako su har mota, abin da mutanen gidan suka ce ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaukar ƙafar da hannu biyu.

"Ciɗo, in ka gaji ka zamna gida. Ni ma ina iya shiga taksi in zaka."

"Ke da taksi, Yaya? Wa za shi ba ki gaba? Bayan buhunan gero za su sa ki."

Ta ce bakinsa ne zai kashe shi. Ta dafa rufin motar, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba, har sai da ya tayar da inji.

A hanyar dawowa ƙauri ya fara shigowa, irin na farantin da ke zamewa. Sadiƙu ya ji, tsohon ma ya ji, suka sauke gilashi. Da suka shigo unguwa Sadiƙu ya janye hannunsa daga sandar giya tun daga kwana, Baba Ciɗo ya ƙarasa da kansa, leɓe a cije. Al'adarsa ya juya motar ya shigar da ita da baya cikin rumfar gida, aikin da ke son a riƙe feda a saki a hankali. Ranar bai gwada ba. Ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gida ya kashe inji, ya ce wa Hafsatu inuwar nan ta fi, gobe ya shigar da ita. Ya kulle ƙofofi ya jefa makulli aljihu. Motar dai ba ta mutu masa ba, giya kuma ba ta yi kuka ba, Hafsatu ta koma ciki.

Ranar Asabar Baba Ciɗo bai fito benci ba. Ranar Lahadi da hantsi aka ce yana kiran Sadiƙu. Ya same shi kwance a ɗakin zaure, maganarsa ta yi nauyi, gefen baki ya ɗan karkace. Ya jawo shi kusa ya ce ya mayar da fedar yadda take tun asali kafin wani ya shiga motar, kada yarinyar nan ta taka ta gane. Yana laluben makulli a ƙarƙashin matashi ke nan Hafsatu ta shigo da kunu. Ta ga hannun, ta ga makullin. Tsohon ya dubi Sadiƙu, ya dubi ɗiyarsa, ya ga ba hanya, sai ya miƙa mata.

"Ga shi. Ni nib ba ki da hannuna, ba amshewa kinka yi ba. Ki shaida."

"Na shaida, Baba. Gobe sai Yamai."

Ya ce to, gobe. Ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Ba a je Yamai ba. Litinin da hantsi, ana neman motar da za ta ɗauke shi a kwance, ya cika. Aka yi masa sutura bayan azahar. Sadiƙu na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, ya yi mamakin rashin nauyinsa. Kulu ta iso da la'asar cikin taksin ƙauye, bayan an dawo daga maƙabarta. Direban ya ba ta gaba.

Sadiƙu ya yi baƙin ciki, irin wanda ke hana mutum sanin inda zai ajiye hannuwansa. Amma ƙarƙashin baƙin cikin akwai saƙon da aka bar masa, yana ci masa rai. Aikin ba wani aiki ba ne, kafin shayi ya tafasa ya gama. Sai dai motar a kulle take, makulli na bakin zanen mai makoki, kuma ba a shiga cikin mata ana kuka a ce a ba da makullin mota.

Talata da sassafe Issouf mai hayar rumfa ya zo da tabarmi da ƙarafa a amalanke. Ya ce jiya an zauna a rana saboda motar ta tare inuwa, yau kuwa mutanen Bambeye da tsofaffin direbobi za su zo gaisuwa, dole a kawar da ita. Sadiƙu ya ga dama ta samu. Ya sa kile na kwance noti a aljihu, ya aika ciki a ce a ba shi makulli ya matsar da motar zuwa gareji.

Hafsatu ce ta fito da kanta, cikin dogon hijabi, ido a kumbure. Ba kowa a titi tukuna sai su. Ya miƙa hannu, ta ce ya bari, Yaya Sadiƙu, ita za ta matsar. Ya ce ba ta cikin halin tuƙi. Ta ce daga nan zuwa garejinsa ne kawai. Ya ce batir na iya ba ta wahala. Ta riga ta buɗe ƙofa.

Ta zauna a kujerar da ta lotsa daidai jikin mahaifinta. A filin bayan gari ya koya mata, da matashi a bayanta, domin sai ta miƙe ƙafa gaba ɗaya take kai fedar ƙasa, yana gefe yana cewa a rabi take kamawa, ki jira ta a rabi. Ƙafarta ba ta manta ba. Ta tayar da inji, ta taka har ƙasa, ta sa giya, ta ɗago zuwa rabi. Motar ba ta motsa ba. Ta ƙara ɗagowa, injin na kuka a banza. Ta ƙara. Sai da ƙafar ta kusa barin fedar sannan motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Issouf ya ce ko a tura.

Hafsatu ta sake tayarwa. Wannan karon ba ta nutsa ƙafa ba. Ta ɗan taɓa fedar da kan takalmi, abin da bai fi kaurin yatsu biyu ba, ta gwada sandar giya. Giya ta shiga. Ta fitar, ta sake taɓawa, ta sake shiga. Aikinta ke nan kullum, auna abin da ya rage a jikin mutum, ba ta bukaci a yi mata bayani ba. Ta kashe inji, ta ɗora hannu biyu kan sitiyari.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kai kay yi?"

"Ni na. Kaɗan-kaɗan, ran Alhamis."

"Iyakar abin da ƙahwatai ka iyawa ke nan?"

"Ran Jumma'a ko wannan da hannu shika danna ta."

Ta yi fushi, kuma bai ga laifinta ba. Ba ta ɗaga murya ba, sai dai ta daɗe tana kallon gilashin gaba, muƙamuƙi a ɗaure. Sadiƙu ya tsaya jikin ƙofa yana jira.

"Da na sani, da na kai shi Yamai tun da sauran lokaci."

"Shi ma ya san haka."

Nan hawaye ya zubo mata. Ta sa bakin hijabi ta share, ya sake zubowa, ta ƙyale shi. Sadiƙu ya fiddo kile daga aljihu ya nuna mata, ya ce saƙon ƙarshe da tsohon ya bar masa shi ne ya mayar da fedar yadda take, don kada ta gane. Yanzu kam ta gane, amma in ta fito zai cika saƙon. Ya ƙara da cewa a yadda take ɗin nan faranti na ci, ba za ta daɗe ba.

Hafsatu ta dubi kilen, ta dubi zaure, inda ake jin muryar Kulu tana yi wa wata faɗa kan yadda ake dama fura. Ta ce ran Jumma'a Goggo Kulu za ta koma gida, kuma ba a taksi ba.

"Tana kai Bambeye haka?"

"In an bi ta sannu, tana kaiwa."

"To ka bar ta yadda yab bar ta. In mun dawo ka yi abin da yac ce."

Ya mayar da kile aljihu. Ta duƙa ta cire takalmin hagu ta ajiye a kujerar gefe, ta tayar da inji, ta ɗora babban yatsa kan fedar. Jangwada ta ɗan yi rawa, sannan ta fara tafiya a hankali, ta fita daga ƙarƙashin bishiyar, Sadiƙu na biye da ita a ƙasa, hannunsa kan rufin. Inda ta tashi ya rage fili mai tsabta daidai girmanta, busasshen ganyen dogon yaro ya kewaye shi. Issouf ya sauke tabarmar farko ya shimfiɗa a wurin.